Harsashin Ɗakin Inno

Maccido magini ya durƙusa a bakin harsashin, ya damƙi ƙasar da aka tono daga kusurwar gabas, ya matse ta da ƙarfi. Da ya buɗe hannu sai ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar tsaki. Ya sake damƙa, ya kai hanci, ya ɗan lasa da harshe, ya tofar.

"To, Baba ya soma kalaci," in ji Sale, mai yi masa haƙa, yana jingine da dagi yana sharce gumi. "Mu da munka tona ko loma ba a ba mu ba."

Maccido bai kula shi ba. Shekara talatin yana gini a Marnona da sauran ƙauyukan Wurno, kuma kowa ya san halinsa: ba ya aza tubali ko ɗaya sai ya bi tulin ƙasar da aka fitar ya duba, tuli bayan tuli, kamar mai sayen hatsi. Ana yi masa dariya a kan haka, amma duk faɗin ƙasar ba mai iya nuna ɗakin da Maccido ya gina ya ce ga shi ya faɗi.

Gefe uku na harsashin ba su da laifi. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, wadda ta sa Sale zage-zage tun hantsi don dagi tsalle yake yi a kanta. Amma a kusurwar gabas dagin shigewa ya yi ba gardama, ƙasar da ta fito kuwa baƙa-baƙa ce, a cakuɗe, ba ta kama jikinta. Bango mai ɗauke da azara in ya zauna a kan irin wannan, ranarsa kawai yake jira.

Manu, mai ginin, ya fito daga zaure da wandonsa na kaki. Bara ya dawo daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku inda Turawa suka kai su, har yanzu tafiyarsa ta soja ce, maganarsa ma haka. Tun yana can ya yi wa Allah alkawari in ya dawo da rai zai fitar da uwarsa Inno daga ɗakin ciyawa ya sa ta a ɗakin soro. Ya cika rabin alkawarin: an rushe tsohon ɗakin, tubali ya bushe a jere, azara ta iso daga Goronyo a kan raƙuma, malam kuma ya duba ya ce yau Alhamis za a aza harsashi. Ga shi kwana biyu ke nan hadari na leƙowa daga gabas da la'asar.

"Baba Maccido, mi muka jira? Ga ƙasa an kwaɓa, tana bushewa."

"Ɗauko mani tulu huɗu na ruwa," Maccido ya ce da Sale. "Ka aro taɓarya wurin mata."

Ya bi cikin harsashin yana buga taɓaryar a ƙasa, kunnensa a karkace. Arewa ta amsa ƙam. Yamma ƙam, kudu ƙam. Da ya zo kusurwar gabas sai ta ce dum, can ciki-ciki, kamar an bugi cikin akuya. Ya sa aka tuttule tulu guda a kowace kusurwa. A uku ruwan ya kwanta yana kallon sama. A ta gabas kafin Sale ya ajiye tulun ma ya shanye tas.

"Ka gani?" in ji Maccido. "Wanga wuri an taɓa tona shi, an maida ƙasa. Ba Allah ya aje ta haka ba."

"Wa za ya tona? Nan gadon Inna yake tun ina yaro," in ji Manu.

Maccido ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu cikin laushin har kafaɗa, yana lalube. Yatsunsa suka kama wani abu, ya jawo. Guntun zana ne, ruɓaɓɓe, da farar toka manne a jikinsa, da wani abu mai ƙaiƙayi a fata. Ya ɗan murza shi da babban yatsa. Ƙaiƙayin gero ne. Nan take ya dunƙule hannun ya tura cikin aljihun taguwarsa, kafin Sale ya leƙo.

Zana a jikin rami, toka don gara, ƙaiƙayi a tsakani. Ba sai an gaya wa magini ba. Ramin ɓoye hatsi ne.

Ya kuwa san shekarar. Shekara biyar da suka wuce, ana tsakar yaƙi, ruwa ya ɗauke tun gero bai cika ba, ɗan abin da aka samu kuma aka bi rumbu-rumbu ana ɗiba, wai za a kai wa masu haƙar kuza. Kafin damina ta zagayo mutane sun koma cin anza da ganyen tafasa. A wannan shekarar Maccido ya shigo gidan nan da ƙwarya a ƙarƙashin riga don roƙon hatsi, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. 'Yarsa Kyauta, wadda suka samu shi da matarsa Asabe bayan shekara goma sha ɗaya da aure, ta daina ko kuka don yunwa. Inno ƙawar Asabe ce, ita ta yanke wa yarinyar cibiya. Ta kama hannunsa ta kai shi gindin rumbu, ta ce ya hau ya leƙa da idonsa. Ya leƙa, ba komai sai kashin ɓera. Ta rantse masa da Allah ko ƙwaya babu a gidan. Kwana tara bayan haka aka kai Kyauta makwancinta, Inno kuma ta zo gaisuwa ta yi kuka har aka riƙe ta.

Ya ɗaga kai. Inno na zaune can ƙofar madafi da tsinken kaɗi a hannu, amma zaren ya tsaya. Idonta na kan aljihunsa.

"Sai an tone shi duka," Maccido ya ce. "Har a iske ƙasa mai ƙarfi. A cike da dutse, a daɓe. Ko kuwa a ja ɗakin yamma gaba biyu."

"Ba a jan shi," Inno ta ce daga inda take, da sauri. "Nan nike so. Nan uban Manu ya aje ni."

"Kun ji," in ji Manu. "Inna ta ce nan. Tonon kuma kwana nawa?"

"Ukku. Ko huɗu."

"Kwana huɗu! Baba, ka dubi gabas. Ruwa guda in ya sauka bisa tubalin ga, ya koma laka. Ranar malam kuma ta wuce. Ni na ga gini, Baba, na ga inda Turawa ka aza gada bisa fadama. A zuba tsakuwa a daɓe da taɓarya, a wuce wurin."

"Gadar Turawa ba uwarka ka kwana ƙarƙashinta ba."

Manu ya ji zafin wannan. Ya gyara tsayuwa kamar yana gaban kuratan soja.

"Ni ad da gini. In ba ka yi, akwai Attahiru a Rabah. Shi ba ya lasar ƙasa, gini shika yi. In na aika yanzu, kahin la'asar ya iso."

Sale ya sunkuyar da kai yana kankare dagi da ƙafa. Kowa ya san Attahiru. Hannunsa da sauri, bakinsa da daɗi, ba ya musu da mai gida.

"Aika," in ji Maccido.

Ya naɗe igiyar awonsa, ya saɓa sandarsa, ya fita ta zaure ko sallama bai yi ba.

Bai tsaya ba sai gindin tsamiyar bakin hanya. Nan ya zauna, ya fito da abin da ke aljihunsa ya shimfiɗa a tafin hannu. Wallahi ransa ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa ji ba. Ashe ranar da yake leƙen rumbu, geron na ƙarƙashin gadonta, taku biyar daga inda ya tsaya. Ashe kukan gaisuwar ma da ƙoshi aka yi shi.

Kuma ya san abin da zai faru, dalla-dalla, don sana'arsa ce. Attahiru zai daɓe sama ya aza. Daminar bana ba abin da zai motsa. Ta baɗi tsaga za ta fito a kusurwar, siririya, a liƙe ta da laka a manta. A ta uku, ranar da aka kwana ana ruwa, ƙasar ƙarƙashi za ta zauna, bango ya buɗe baki, azara ta sauko da duk ƙasar da ke kanta. Ba ruwan Maccido. Ya faɗa a gaban shaidu, an ƙi ji. Ya zauna da wannan tunanin, kuma gaskiyar magana bai ji ƙyamarsa da wuri ba.

Daga cikin gidan ya jiyo muryar Asta, 'yar Manu, tana waƙar gaɗa ita kaɗai. Sati uku ne tsakanin haihuwarta da ta Kyauta. Tun da aka yaye ta a gadon kakarta take kwana, kuma a sabon ɗakin ma can za ta kwana.

Ya daɗe yana kallon ƙaiƙayin. Ko babu yarinyar ma, ya tambayi kansa, zai iya bin hanyar nan kullum yana ganin bango a kan rami, ya san ranarsa, ya wuce? Ubansa da ya koya masa gini ya taɓa sa shi rushe bango mai tsawon mutum, na ɗakin jaki, saboda an aza shi a kan tsohon suri. Ɗakin jaki! Maccido ya yi tsaki, ya mayar da abin aljihu.

Aka kira azahar. Ya bi jam'i a sahun baya, ana sallamewa ya fice, ya bar su Manu suna addu'a. Ya shiga gidan ya tarar da Inno tsaye a bakin harsashin, tana tura ƙasa cikin kusurwar da gefen ƙafarta.

"Bari, Inno. Ba ya ɓoyuwa."

Ta tsaya. Ya buɗe hannunsa ya nuna mata. Ta duba sau ɗaya, ta zauna a kan tulin ƙasa.

"Maccido…"

"Zurhinai nawa?"

"Ka saurare ni. Manu an tahi da shi yaƙi, ba mu san ko shina da rai ba. Matatai da ciki wata bakwai, ga Asta. Ni ɗai ce namijin gidan ga. Da nij ji ana ɗibar hatsi, na tona da hannuna, kwana goma sha biyu, ina fidda ƙasa cikin ƙwarya awa shara. Na ce in na ba mutum guda, gobe gari duka na ƙohwata, jibi masu ɗiba. Tsoro ya kama ni. Na yi rantsuwa bisa ƙarya, Maccido, na sani. Ba daren da…"

"Ban tambaye ki wanga ba," ya katse ta. "Zurhinai nika tambaya. Da hwaɗinai. In ban sani ba, ba ni sanin dutse nawa za a ɗauko."

Ta dube shi baki buɗe. Ta zaci zagi, ta zaci ya tara mata gari. Wannan tambayar ta fi su ciwo.

"Tsawon mutum," ta ce a hankali. "Da hannu sama. Hwaɗi gaba guda. Ya yi ciki wajen kudu, awa tulu."

"Da mi kika cike shi?"

"Shara. Toka. Abin da nis samu." Ta share ido da bakin zane. "Na ce in anka aza ɗaki bisa, shi ke nan, ya rufu har abada. Ƙasa ai ƙasa ce."

"Ƙasa ba ƙasa ba ce. Wadda anka taɓa ba ta mancewa."

Suka ji takun Manu da Sale a zaure. Manu ya shigo, ya ga Maccido, ya haɗe fuska.

"Na riga na sami mai zuwa Rabah, Baba."

"Ka hana shi," in ji Inno. Ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta. "A tona."

"Inna, ke kika ce…"

"Na ce, yanzu kuma na ce a tona. Abin da Maccido ya ce shi za a yi. Ko ruwa ya cinye tubalin duka."

Manu ya dubi uwarsa, ya dubi magini, bai gane komai ba. Amma duk sojancinsa bai taɓa musu da Inno ba.

"Ranar malam fa?"

"Yau za a aza," Maccido ya ce. "Dutsen hwari na shiga ƙasa kahin magariba, in Allah ya so. Ku kama jakkai ku tahi tudu, kai da Sale. Manyan duwatsu, ba tsakuwa ba. Ku tara can tukuna sannan ku soma jido. A lulluɓe tubali da zana kahin ku hita."

"Wa za ya yi maka tono?" Sale ya tambaya. "Kai da bayanka mai ƙara awa ƙyauren zaure?"

"Ƙasa mai laushi ce. Tahi."

Da gangan ya kore su. Suna fita ya tuɓe taguwa, ya karɓi shebur ɗin da Manu ya zo da shi daga soja, ya shiga. Ƙasar ba ta yi gardama ba. Toka, ɓawon gyaɗa, fasassun tukwane, sharar shekaru. Kafin la'asar ramin ya kai masa ƙirji, jifan ƙasar waje ya fara gagararsa. Sai ga kwando ya sauko masa ɗaure da igiyar guga. Ya ɗaga kai, Inno ce riƙe da ɗaya bakin.

Suka kama aiki. Yana cikawa, tana ja, ta kai bayan danga ta zubar, ta dawo. Tsohuwa mai shekara sittin, numfashinta har cikin ramin yake jinsa, amma ba ta nemi hutu ba, shi ma bai ce ta huta ba.

Da ramin ya shanye kansa, shebur ya taɓa wata zana a kwance. Ya ɗaga ta. Wani wari ya bugi hancinsa, mai tsami, irin na tsohon ƙullu. A ƙarƙashi gero ne, ya yi baƙi, ya dunƙule ya zama kamar dusa jiƙaƙƙiya, kaurinsa ya kai taki guda, ya cika gindin ramin daga bango zuwa bango.

Maccido ya tsuguna a kansa. Ido ya auna masa ba tare da ya so ba: ƙwaryar da ya zo da ita ranar nan za ta cika sau ashirin, ta yi saura.

"Ya rage," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Ashe har ya rage."

Muryar Inno ta sauko masa a karye. "Ranar da anka kai Kyauta na dawo na buɗe in ɗiba, hannuna ya ƙi. Ban sake taɓa shi ba. Da anza munka ƙarasa daminar, awa kowa."

Wannan bai sanyaya masa rai ba, ƙara masa ciwo ma ya yi. Hawaye suka zubo masa, ya bar su, don ba mai ganinsa a can ƙasa. Da suka tsaya ya ja kwandon, ya sa hannu biyu ya fara kwasa. Kwando bakwai Inno ta ja. A na ƙarshe ya kankare gindin da shebur har jar ƙasa ta bayyana, mai tsakuwa, irin ta sauran gefen uku. Ya ce ta miƙo taɓarya. Ya buga. Ta amsa ƙam.

Rana ta yi ja lokacin da jakkai suka shigo da kayan farko. Manu ya leƙa ramin, ya ja da baya yana salati.

"Ƙarƙashin gadon Inna! Mi an nan, Baba? Wa ya tona shi?"

Inno na tsaye a bayansa, igiyar har yanzu a hannunta, tafinta ya yi jini. Ta buɗe baki za ta yi magana.

"Tsohon rami ne," Maccido ya riga ta. "Ruɓaɓɓiyar ƙasa, ba ta ɗaukar gini. An fidda ta. Miƙo mani wancan babban."

Manu da Sale suka sassauto dutsen da igiya. Maccido ya juya shi har ya sami mazauninsa, ya yi bisimilla, ya hau kansa da ƙafa biyu ya gwada. Bai motsa ba. Gabas ta yi baƙi ƙirin da hadari, amma iska ta kore shi kudu, wajen Gandi.

Da aka jawo Maccido waje, Manu ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce a yafe masa maganar ɗazu. Maccido ya ce ba komai, gobe da asuba a ci gaba da jido. Maza suka nufi rijiya alwala.

Inno ta fito daga madafi da ƙwaryar fura, an dama da nono, ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ba a saba ganin Inno ta durƙusa wa kowa ba.

"Ɗakin shina tsayawa?" ta tambaya, idonta a kan ramin.

"Shina tsayawa. Har Asta ta tsuhwa ciki."

"Ni kuma, Maccido?"

Ya sa taguwarsa, ya naɗe igiyar awo a gwiwar hannu, a hankali, zagaye bayan zagaye.

"Ke ki kwana ciki ki tashi lahiya," ya ce. "Shi na zo yi."

Ya dubi furar. Ta gero ce, fara tas, cike da ƙwarya. Tun kalacin safe bai sa komai a bakinsa ba. Ya ɗauki faifai ya rufe ta don ƙuda, ya matsar da ita inuwa inda ba za a yi tuntuɓe da ita ba, ya saɓa sandarsa ya tafi masallaci.